Yanka da Kula da Ciyawar Gida ba Tare da Cutar da Muhalli ba: Misali Daga Birtaniya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake yanka ciyawar ƙofar gida da kula da ita a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ta hanyar da ba ta ɓata ƙasa da ruwa da ƙananan halittu. An ɗauki Birtaniya a matsayin misali, domin a can aka ƙera injin yankan ciyawa na farko, kuma a can ake ƙoƙarin gyara al'adar a yau.

1.0 Gabatarwa

A tunanin Bahaushe, ciyawa ɗayan biyu ce: ko abincin dabba da ake yankowa da lauje, ko abokiyar gabar shuka da ake nomewa da fartanya. Tsakar gida kuwa sharewa ake yi tas, don gudun maciji da sauro. Saboda haka Hausa tana da sunayen ciyayi da dama, kamar gamba da kyasuwa da harkiya da tofa da ƙiri-ƙiri, amma ba ta da kalma guda ta filin ciyawar da aka shuka don ado kawai. A wannan maƙala an kira irin wannan fili "shimfiɗar ciyawa". Al'adar ta shigo ƙasar Hausa ta unguwannin Turawan mulkin mallaka, kuma har yanzu ana ganinta a harabar jami'o'i da gidajen gwamnati.

2.0 Yanayi da Asalin Al'adar

Ba yawan ruwa kaɗai ke raya ciyawar Birtaniya ba. Landan tana samun kimanin milimita 600 a shekara, wanda bai kai abin da Kano ke samu a damina mai kyau ba. Bambancin shi ne ruwan Kano yana zuba ne cikin 'yan watanni, na Birtaniya kuwa yana rarrabuwa a duk shekara, ga sanyin da ke hana ƙasa saurin bushewa. A yammacin ƙasar ruwan ya fi haka nesa ba kusa ba, har wasu tsaunukan Sikotlan suna wuce milimita 3,000.

Da can, masu hannu da shuni ne kaɗai ke iya riƙe shimfiɗar ciyawa, domin sai an ɗauki ma'aikata masu dogon lauje. A shekarar 1830 Edwin Budding, wani injiniya daga yankin Stroud, ya yi rajistar injin yankan ciyawa, bayan ya lura da na'urar da ke aske gashin ulu a masaƙa. Daga nan al'adar ta bazu zuwa gidajen talakawa, tare da matsalolinta.

3.0 Matsalolin Ƙasa Mai Danshi

Matsala ta farko ita ce dannewar ƙasa. Idan aka tura inji mai nauyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙofofin da iska da ruwa ke bi sai su toshe. Saiwa ta kasa numfashi, ruwa ya kwanta, gansakuka ta mamaye gurbin ciyawa. Ta biyu ita ce wankewar taki. Ruwa yana kwashe naitirojin da fosfaras na takin zamani zuwa rafuka da tafkuna, inda suke haɓaka gansakukar ruwa. Idan ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifaye ke shaƙa. Ta uku ita ce guba. Dangin dodon-koɗi suna yawaita a danshi, kuma maganin da aka daɗe ana kashe su da shi, wato metaldehayid, yana cutar da tsuntsaye da bushiya, abin da ya sa aka haramta amfani da shi a waje a Birtaniya daga watan Afrilu na 2022.

4.0 Dabarun Yanka

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Wanda ke son ciyawarsa ta tsaya a santimita 4, sai ya yanka idan ta kai 6. Dalili kuwa shi ne ganye ne ke sarrafa wa tsiro abinci. Idan aka yi masa ƙwal-kwabo, saiwa ta raunana, gansakuka ta sami sarari.

Ta biyu, a jira ganye ya tsane, kuma a riƙa wasa wuƙar inji. Dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, raunin kuma ƙofa ce ga cututtukan da danshi ke haifarwa.

Ta uku ta shafi yankakkiyar ciyawa. Barin ta a wurin yana mayar wa ƙasa naitirojin, ya rage buƙatar taki. Sai dai idan ta jiƙe ta dunƙule, tana shaƙe wadda ke ƙarƙashinta. Don haka gajeriya busasshiya ake bari. Doguwa ko jiƙaƙƙiya a kwashe a haɗa da busassun ganyaye ta ruɓe ta zama taki.

Ta huɗu ita ce zaɓen inji. Ga ƙaramin fili, injin turawa da hannu irin na Budding ya wadatar, ba hayaƙi ba ƙara. Ga babba, mai batir ya fi mai fetur. Na'urar da ke yanka da kanta kuwa, kada a sake ta da dare, lokacin da bushiya ke fitowa kiwo.

5.0 Kula da Ƙasa da Halittu

Kashe gansakuka da magani ba ya hana ta dawowa, muddin sanadinta yana nan. Gyaran shi ne a huda ƙasa da ƙarfe mai yatsu a lokacin kaka, a zuba yashi da ruɓaɓɓen taki a ramukan, a rage rassan da ke hana rana shiga. Tana ma tana yin wannan aikin kyauta, idan ba a kashe ta ba. Haka nan ana barin kuloba, wani ɗan tsiro dangin wake da gyaɗa, wanda saiwarsa ke tara naitirojin daga iska, furensa kuma yana ciyar da ƙudan zuma.

A shekarar 2019 ƙungiyar Plantlife ta fara kiran masu gidaje da su ajiye inji a watan Mayu, don furannin daji su buɗe. Hujjarta ita ce ƙasar ta yi asarar kimanin kashi 97 cikin 100 na makiyayunta masu furanni tun daga shekarun 1930. Wanda ya amsa kiran sai ya sauko da tsawon ciyawar sannu a hankali, bayan ya duba ko kwaɗi sun ɓuya a ciki.

6.0 Kammalawa

An ga cewa a ƙasa mai danshi, yawancin ɓarnar tana zuwa ne daga wuce gona da iri wajen yanka da taki da magani, gyaran kuma ragewa ne. Ga cibiyoyinmu da suka gaji wannan al'ada, abin lura shi ne an gina ta ne a kan ruwan da ke sauka duk shekara. Inda rani ke ɗaukar wata bakwai, riƙe ta kore shar yana nufin shayar da ita daga rijiyar da mutane ke sha, kuma wannan lissafi ne da ya kamata a yi kafin a shuka.