Ƙarambau da Gadon Asibiti: Allurar da Babu Ita a Katin 'Ya'yanmu

Da sanyi ya fara ja da baya, iyaye a Nguru da Gashuwa sun san abin da ke tafe. Yaro zai dawo daga Islamiyya da zazzaɓi, washegari ƙuraje masu ruwa su feso masa a ƙirji da baya, kafin mako uku ƙannensa sun bi sahu. Mu a gidanmu maganar kakarmu ɗaya ce: "Ku bar shi, ƙarambau ne, zai yi kwanakinsa ya wuce." Sai a aika kemis a sayo kwalbar kalamin, a shafe yaro fari fat, a yanke masa farce.

Yawanci maganarta gaskiya ce. Amma akwai waɗanda ƙarambau ba ya bari da sauƙi. Susa da farce mai datti kan sa ƙurji ya ruru ya yi mugunya, wani lokaci cutar ta sauka huhu ko ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jarirai, masu juna biyu da masu raunin garkuwar jiki sun fi shiga haɗari, kuma irinsu ne ake garzayawa da su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibitin gwamnati na Gashuwa.

Rigakafin ƙarambau ya daɗe da samuwa. Wani likitan Japan, Michiaki Takahashi, ya samar da shi a 1974. Amurka ta fara amfani da shi a 1995, lokacin da ƙarambau ke kama kusan mutum miliyan 4 a shekara, yana kwantar da fiye da 10,000 a asibiti. Bayan shekara 25, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kwanciyar 'yan ƙasa da shekara 20 a asibiti saboda cutar ta ragu da kashi 97 cikin 100.

Duba katin rigakafin ɗanka: za ka ga na shan inna, na tarin fuka da na ƙyanda, ba za ka ga na ƙarambau ba. Sai a wasu asibitocin kuɗi na manyan birane. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ja kunne cewa ƙasar da za ta fara, sai ta tabbata allurar za ta kai ga aƙalla kashi 80 na yaranta. In aka yi rabi da rabi, cutar za ta riƙa jiran mutane su girma, kuma ta fi yi wa babba mugun kamu.

Ni dai a ganina, kafin mu nemi wannan allura, sai mun cika layin ta ƙyanda da ake yi kyauta a wata 9 da wata 15. A yanzu kuwa, kada a bai wa mai ƙarambau asfirin, a nisanta shi da mai ciki, in kuma numfashinsa ya yi sama-sama, ko ya fara magagi, ko ƙurji ya kumbura ya yi ja, a kai shi asibiti a ranar.