Yadda Turawa ke zuba jari a tsofaffin gidajen Marrakesh

A tsohon birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, gidajen da iyalai suka gada kaka da kakanni sun zama haja, inda baƙi, musamman Faransawa, ke saye su gyara, su mayar da su masaukin 'yan yawon buɗe ido.

Irin waɗannan gidaje dai ana kiransu riyad. Daga waje bango ne kawai da ƙofa, amma a ciki akwai tsakar gida mai itatuwa da mazubin ruwa, ɗakuna kuma duk suna fuskantar ciki saboda sutura.

Bayan samun 'yancin kai a 1956, yawancin attajirai sun bar cikin ganuwa zuwa sababbin unguwanni da Kasablanka, aka rarraba gidajen ga 'yan haya, da dama kuma suka lalace.

Hankalin Turawa ya ƙara karkata ga birnin bayan da mai zanen tufafin nan na Faransa, Yves Saint Laurent, da Pierre Bergé suka sayi lambun Majorelle a 1980, sannan hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Sai dai kasuwar ta fi bunƙasa ne bayan 2006, lokacin da Maroko da Tarayyar Turai suka ƙulla yarjejeniyar sufurin sama, jiragen Ryanair da easyJet masu araha suka fara jigila.

Takardar mallaka

Doka ta bai wa baƙo damar mallakar gida a cikin gari, ko da yake ba ta yarda ya sayi gona ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen takarda.

Da yawan gidajen ba su da rajista a ofishin filaye. Abin da suke da shi wata takarda ce da ake kira milkiyya, wadda adilai ke rubutawa, galibi bisa shaidar mutum 12. Gida ɗaya kuwa yana iya kasancewa gadon 'ya'ya da jikoki masu yawa, wasu a Faransa, wasu a Beljiyam, kuma ciniki ba ya kammala sai kowane magaji ya amince. In aka tsallake ko da mutum ɗaya, yana iya garzayawa kotu bayan an gama gyara. Akwai kuma gidajen da ke cikin wakafi, waɗanda ba a sayar da su kamar sauran.

Haka nan mai saye daga waje dole ne ya shigo da kuɗinsa ta banki, a san da su a hukumance, in ba haka ba zai sha wuya wajen fitar da su ranar da ya sayar. Ga kuma harajin kashi 20 cikin ɗari a kan ribar.

Gyaran ma ba ƙaramin aiki ba ne. Lungunan birnin ba sa ɗaukar mota, don haka jakuna da kura ne ke shigar da yashi da katako. Daɓen zellij, wanda ake sassaƙa kowane gutsure da hannu, da shafen tadelakt da ake goge shi da dutse da baƙin sabulu, sai ƙwararrun magina. A nan kam sana'ar ta amfana, don kuwa ta samu masu biya.

Jarin ya gamu da jarrabawa sau biyu a 'yan shekarun nan. A Maris na 2020 Maroko ta rufe iyakokinta saboda annobar korona, masaukai suka zauna babu baƙi. A ranar 8 ga Satumban 2023 kuma girgizar ƙasa a lardin Al Haouz ta hallaka mutane kusan 3,000, ta kuma lalata gine-gine a tsohon birnin.

Duk da haka baƙi miliyan 17.4 ne suka ziyarci ƙasar a 2024, za ta kuma karɓi gasar cin kofin duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal.

Ga mazauna birnin kuwa, lamarin yana da fuska biyu. Magadan da suka sayar kan sami kuɗin sayen gida na zamani a bayan gari, amma 'yan haya tashi suke yi. Maƙwabtan da suka rage kuma na kokawa cewa soron da a al'ada wurin shan iskar mata ne, yanzu baƙi ne ke kishingiɗe a kai, suna hango tsakar gidajensu.