Vim ko VS Code: Gardamar Masu Rubuta Manhaja a Paris-Congo

A unguwarmu ta Paris-Congo, nan Njamena, da zarar an ɗauke wuta sai samari masu rubuta manhaja su hallara wurin mai shayi, gardama ta kaure: da me ya fi dacewa a yi rubutun?

Rigimar ta girme su. Tun 1976 ake da vi na Bill Joy da Emacs, wanda Richard Stallman ya yi suna da shi, magoya bayansu kuwa ba sa ga maciji. Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya gina Vim kan tsarin vi, ya fitar da shi a 1991. Yaran yanzu sun raja'a kan VS Code na Microsoft, wanda ke ja wa kuskure layi tun kana rubutu.

Ni dai ɗan Vim ne. Kwamfutata ta gwanjo ce. In na buɗe VS Code cikin zafin Afrilu, fankarta huci take yi, batir ya zube. Vim ko linzami ba ya nema: ka danna dd, layi ya goge, :wq, ka adana ka fita. Inda yake ba mu wuya shi ne madannan Faransanci, AZERTY, da muke amfani da su: kowace lamba sai ka haɗa da Shift.