Hali da Tarbiyya: Daga Ina Sanin Daidai da Kuskure Ya Ke Fitowa?

Hausawa suna da karin magana biyu da ba su jitu da juna ba. Ɗaya ta ce hali zanen dutse ne, ɗaya kuwa ta ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ta farko ta nuna da halinsa a kan haifi mutum, ta biyu ta ɗora nauyin a wuyan masu reno. Wannan saɓani ba na Hausawa kaɗai ba ne.

Malaman Musulunci na dauri sun yi muhawara a kan abin da ya yi kusa da wannan. Mu'utazilawa sun ce hankali shi kaɗai yana iya gane kyawun adalci da munin zalunci tun kafin saukar wahayi. Ash'arawa, waɗanda aƙidarsu ce ta fi yaɗuwa a makarantun ƙasar Hausa, sun ce shari'a ce ke tabbatar da kyau da muni. Amma fa gardamarsu a kan hujja ta ke, ba a kan jariri ba, bai kuwa kamata a cakuɗa su ba.

Binciken yara sosai ya samu ne a hannun Jean Piaget na Siwizalan, a littafinsa na 1932. Ya kan ba yara labari biyu: wani yaro ya fasa kofi 15 bisa kuskure wajen buɗe ƙofa, wani kuwa ya fasa kofi ɗaya garin ɗaukar abin zaƙi a ɓoye. Ƙananan yara su kan ce na farko ya fi laifi, gama ɓarnarsa ta fi yawa. Sai sun ƙara girma sa'an nan su ke duban niyya. Watau a ganinsa hukuncin zuciya tsirowa ya ke yi a hankali, musamman cikin cuɗanya da tsara.

A 2007 Kiley Hamlin da Karen Wynn da Paul Bloom, a Jami'ar Yale ta Amurka, suka kawo abin da ya girgiza wannan ra'ayi. Sun nuna wa jarirai wani ɗan gunkin katako mai idanu yana fama da hawan tudu, wani ya tura shi sama, wani ya ingiza shi ƙasa. Da aka miƙa musu su zaɓa, 'yan wata shida su 12 duka suka ɗauki mai taimako, haka kuma 14 cikin 16 na 'yan wata goma. Nan da nan aka yi ta cewa ga shaidar halitta. An yi gaggawa. A 2024 aka bayyana sakamakon maimaita gwajin a ɗakunan bincike 37 na ƙasashe dabam-dabam, inda aka gwada jarirai fiye da dubu, sai kimanin rabi kaɗai suka zaɓi mai taimako, tamkar an jefa ƙuri'a. Lalle an yi aiki da hoton bidiyo ne a maimaicin, ba da katakon a fili ba, amma duk da haka ba a iya kafa babban gini a kan jarirai 28.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne a rarrabe tsakanin iya jin laifi da abin da a ke jin laifin a kansa. Kunya ta isa misali. Anthony Kirk-Greene ya lissafa ta cikin siffofin mutumin kirki a takardarsa ta 1974. Uwa Bahaushiya ta gargajiya ba ta kan faɗi sunan ɗanta na fari ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In bakinta ya kuɓuce, nauyin da za ta ji na gaske ne, ba na ganin ido ba. Uwa a Ingila kuwa tana kiran nata da suna sau ɗari a yini, zuciyarta ba ta ce mata kome ba. Dukansu biyu suna da gurbin kunya, abin da aka zuba a ciki ne ya bambanta. A biranen Hausa na yau ma 'yar wadda ba ta taɓa furta sunan ɗan farinta ba tana kiran nata a tsakar gida, kakar tana ji tana kau da kai.