Wa Ke Ba Wanzami Izini?

Jama'a, a cikin masu sana'a duka babu wanda ya kai wanzami kusa da jininmu. Ran suna shi ke yi wa jariri aski. In yaro ya isa, shi ke yi masa kaciya. In jiki ya yi nauyi, wurinsa a kan je ƙaho. Babban mutum ma ya kan miƙa masa wuya, ya rufe ido, aska tana yawo a maƙogwaronsa. To, wanda aka ba irin wannan amana, wa ya ba shi izini? Yaro a Kankiya ko Kusada, in yana son ya zama mai aski, ta wace ƙofa zai shiga? Abin da za mu duba ke nan a wannan darasi.

Izinin gargajiya

Tun kaka da kakanni wanzanci sana'ar gado ce. Ɗan wanzami ya kan fara da ɗaukar zabira, yana bin ubansa gida gida da kasuwa kasuwa. Ya koyi wasa aska, ya koyi jiƙa kai, ya koyi riƙe yaro. Sai an ga hannunsa ya faɗa sa'an nan a bar shi ya yi wa yara aski. Ƙaho da kaciya kuwa sai can gaba, bayan shekaru. Wanda ba ɗan gado ba, sai iyayensa su kai shi wurin wani wanzami su ba da shi, ya zauna ƙarƙashinsa har ya ƙware.

Bisa wanzaman gari akwai Sarkin Aska. Shi ya san kowane wanzami da gidajen da yake yi wa aiki. In baƙon wanzami ya sauka, wurinsa zai fara kai gaisuwa. In wani ya yi ɓarna, wurinsa za a kai ƙara. Wannan izini ba a rubuce yake ba, amma yana da ƙarfi, don kuwa masu ba da shi sun ga aikin mutum da idonsu.

Yanzu ga wani irin aski ya shigo. Saurayi ya kama shago a bakin hanyar Katsina zuwa Kano, ya sayi kilifa da madubi da janareto ko sola, ya yi 'yan watanni wurin wani, shi ke nan ya zama mai aski. Sana'a ce mai kyau, tana ci da mutane da yawa. Amma sau da yawa ba ta bi ta ƙofar Sarkin Aska ba. Saboda haka ya kamata mu san abin da hukuma ke cewa.

Yadda a ke yi a wasu ƙasashe

A da can wanzaman Ingila kamar namu suke: suna aski, suna fid da jini, suna cire haƙori. A shekarar 1540 aka haɗa su ƙungiya ɗaya da masu fiɗa. A 1745 aka raba su, masu fiɗa suka koma wajen likitoci, masu aski suka tsaya ga gashi kaɗai.

A Amurka kuwa kowace jiha da dokarta. Jihar Minesota ce ta fara yin dokar lasin na masu aski a 1897. Yau a can, mai son wannan sana'a sai ya shiga makarantar aski ko ya zauna ƙarƙashin gwani. Jihohi da yawa suna neman ya yi awa 1,000 zuwa 1,500 yana koyo. Sa'an nan ya zauna jarrabawa. In ya ci, a ba shi lasin, ya rataye a shago kowa ya gani. Cikin abin da a ke tambayarsa akwai tsabtar kayan aiki da cututtukan fata. Watau dokar, don kare mai kai aka yi ta.

Abin da hukuma ke nema a nan

A garuruwanmu ba a zaunar da mai aski jarrabawa kafin ya kama aska. Amma wannan bai sa an sake shi sakaka ba.

Na farko, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba Ƙaramar Hukuma ikon lura da shaguna da rumfunan ciniki. Wanda zai buɗe shago a Kankiya, sai ya je sakatariyar Ƙaramar Hukumar Kankiya, na Kusada ya je ta Kusada. Ya tambayi sashen kuɗin shiga abin da ke kansa. In ya biya, lalle ya karɓi rasit. Ya duba ya ga sunansa, da kwanan wata, da yawan kuɗin, da hatimi. Kuɗin da aka biya ba rasit, kamar an zuba ruwa a rairayi ne.

Na biyu, akwai duba-gari. Aikinsu ne su shiga wuraren sana'a su ga tsabta. In sun zo, kada a ɓoye musu kaya. A tambaye su abin da ya kamata a gyara.

Na uku, wanda zai raɗa wa shagonsa wani suna dabam da nasa na yanka, ya kamata ya yi rajistar sunan wurin hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wadda a ke kira CAC. Da takardarta a ke buɗe asusun banki da sunan shagon.

Abin da takarda ba ta gani

To, ku lura da kyau. Rasit yana nuna mutum ya biya kuɗi ne kurum. Bai ce askarsa tana da tsabta ba. Tun da ba mai yi wa mai askinmu jarrabawa, mu masu kai mu ne za mu yi masa.

Ga dalili. Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune cikin jini. Ɗaya ita ce mai kawo ciwon hanta, wadda likitoci ke kira hefataitis B. Tana iya kwana bakwai a bakin aska, jinin ya bushe, amma ba ta mutu ba. Mai ɗauke da ita ya kan yi shekaru garau, bai sani ba. In aka yanke shi kaɗan, aka juya da askar nan kan wani, an ba wannan cutar ke nan. Ƙanjamau ma ta jini take bi. Makero kuwa, wanda ke cin kan yara, a jikin kilifa da mataji da ƙyalle yake tafiya daga kai zuwa kai.

Saboda haka mai aski na kirki zai kiyaye waɗannan:

1. Kowane mutum da sabuwar reza, a ɓare ta a gabansa.
2. Tsohuwar reza a jefa ta cikin gwangwani mai murfi, kada yara su tsinta.
3. Aska da almakashi da duk ƙarfen da ya taɓa jini, a wanke da sabulu, a tafasa minti 20.
4. Bakin kilifa a kakkaɓe gashin, a tsabtace da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kananzir da fetur ba magani ba ne.
5. A wanke hannu da sabulu tsakanin kai da kai.
6. Shi kansa mai askin ya je asibiti a auna jininsa, ya yi allurar rigakafin ciwon hanta.

Mai gida kuwa, in ya sayi reza tasa ya kai wa wanzami ran suna, ba raini ba ne. Wanzami mai hankali murna zai yi.

Inda aska ya kamata ta tsaya

Akwai ayyukan da muka gada waɗanda yanzu an gane illarsu. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo wa mata yoyon fitsari. Wanda ya je asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga wahalar da matan nan ke sha. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta hana kaciyar mata. Cire beli ga jariri shi ma yana jawo zubar jini da ruɓewar rauni. In mace ta sha wuyar naƙuda, ko jariri ya ƙi kama nono, a nufi Babban Asibitin Kankiya ko ɗakin shan magani mafi kusa. In an yi kaciya jini ya ƙi tsayawa, kada a jira gari ya waye.

Wannan ba rage wa wanzami daraja ba ne. Gwani shi ne wanda ya san iyakar aikinsa. Muna roƙon Sarakunan Aska na ƙasar Kankiya da Kusada su riƙa tara yaransu, da masu shagon kilifa, su gayyato ma'aikatan lafiya su nuna musu. A Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya, masana ba su yi mana nisa ba.

Ashe ƙofa uku ce. Maigida ya shaida hannunka ya faɗa. Hukuma ta shaida ka biya hakkinta. Jama'a su shaida askarka tana da tsabta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin Sarkin Aska?
2. Waɗanne abubuwa huɗu za ka duba a jikin rasit?
3. Kwana nawa ƙwayar ciwon hanta ke iya yi a bakin aska?
4. Minti nawa a ke tafasa ƙarfen da ya taɓa jini?
5. Rubuta abu biyu da za ka tambayi mai askinka ran kasuwa mai zuwa.