Ranar da na daina jiran takardar kama aiki

Yau maganar fidda rai za mu yi, kuma na san tun kafin in gama faɗa wani ya riga ya kai yatsa wajen rubuta min "yanke ƙauna haramun ne." Na sani, ɗan'uwa. Ɗebe ƙauna daga rahamar Allah ba shi na zo tallatawa ba. Amma rahamar Allah daban, alƙawarin wani Alhaji da ya ce zai sa sunanka a jerin waɗanda za a ɗauka aiki daban. Mu dai mun saba cakuɗa su ne.

Bari in fara da kaina. Bayan na gama bautar ƙasa, shekara biyu da rabi na yi ina jiran aikin gwamnati. Ba zaman banza nake ganin ina yi ba fa, a ganina aiki nake. Kullum da safe in sa data in leƙa shafukan ɗaukar aiki, in cike fom, in je jarrabawar kwamfuta, in dawo. Akwai wani mutumi da ya ce yana da gurbi a wata ma'aikata, Umma ta sayar da 'yan kunnenta na gwal muka haɗa masa kuɗi. Duk sanda na kira sai ya ce sati mai zuwa. Wani maƙwabcinmu mai haɗa sola ya yi min tayin in riƙa binsa aiki, na ce a'a, kar a kira ni ina kan rufin wani. Ku ji fa. Na ƙi sana'ar da ke gabana saboda wayar da ba a bugo ba. Bahaushe ya gama magana da ya ce tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

Ranar da na haƙura ba wani abin a zo a gani ne ya faru ba. Na kira lambar sau uku a kashe, na ajiye wayar, na ce a raina kuɗin nan sun tafi, aikin nan babu shi. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma a daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Me ya sa mummunan labari zai sa mutum barci?

Masana halayyar ɗan Adam sun taɓa wannan. Akwai Carsten Wrosch na wata jami'a a Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke sakin burin da ba zai cika ba. A 2007 shi da Gregory Miller sun fitar da binciken da suka bi 'yan mata matasa tsawon shekara guda. Waɗanda suka kasa sakin irin wannan buri, an ga wani sinadari da ke nuna kumburi a cikin jiki yana ƙaruwa a jininsu. Wato jiran gawon shanu ba zuciya kaɗai yake ci ba, har jiki yana biya. Kuma abin da Wrosch ya yi ta nanatawa shi ne, sakin rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne ka kama wani abu dabam da hannun da ka sake.

Sai labarin James Stockdale, sojan Amurka da aka harbo jirginsa a yaƙin Biyetnam a 1965, aka tsare shi har 1973, da azabtarwa da komai. Da aka tambaye shi daga baya su wa suka kasa jurewa a gidan yarin, sai ya nuna masu saurin sa rai ne, waɗanda ke cewa kafin Kirsimeti za a sake mu. Kirsimeti ta wuce, su ce kafin Ista. Ista ta wuce, su sa wata rana, har zuciya ta gaji ta karye. Shi bai taɓa cire rai cewa zai fita ba, amma ya ƙi sa wa fitar rana. Da na karanta sai na ga kaina sak. Nawa Kirsimetin shi ne "sati mai zuwa."

To a nan ne nake ganin 'yancin yake. Duk wanda ya riƙe abin da ka sa rai a kai, ya riƙe ka. Wannan mutumin, da ya zage ni a lokacin, dariya zan yi in ce Allah ya huci zuciyar Alhaji. Ba na iya faɗin gaskiya ko a Facebook, kar wani babba ya gani ya cire sunana daga jerin da tun farko ba na ciki. Dubi matasa nawa ke kwana suna kare ɗan siyasa a intanet, ba don sun yarda da shi ba, sai don an ce musu "za a yi da ku." Ranar da ka cire rai da abin hannunsa, ranar bakinka ke dawowa naka.

Amma tsaya, kar a ji daɗin maganar da yawa, don akwai fidda ran da kurkuku ne. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji da karnuka. Wasu an riƙa jona musu lantarki ta yadda duk abin da suka yi ba ya tsayar da shi. Daga baya aka sa su a akwatin da tsallake ɗan shinge kawai zai cece su, amma da yawansu suka kwanta suna kuka, ko gwadawa ba su yi ba. Wannan kare ya cire rai, amma wa zai ce ya samu 'yanci? Ni ina ganin irinsa a tarukan matasa da muke shiryawa a unguwa. Ka ce a je a yi rajistar zaɓe, a ce maka "ai an riga an rubuta." A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Wa wannan ya yi wa daɗi? Ba mu ba dai. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu a 2018 ta sauko da majalisar wakilai da ta jiha daga shekara 30 zuwa 25, kuma matasa ne suka yi ta naci har ta tabbata. Da sun kwanta irin na karen nan, da babu ita.

Saboda haka in wani ya ce min ya haƙura, ba na saurin yi masa wa'azi, ba na kuma tafa masa. Tambaya nake: tun da ka haƙura, me ka yi? In ya ce ya fara zuwa shagon ɗinki, ko ya koma karatu, ko ya daina gaida wanda ke yaudararsa, na san ya sauke kaya. In kuwa ya daina fita, ya daina wanka a kan lokaci, abinci ba ya masa daɗi, barci ya gagara ko ya yi yawa, har sati biyu ko fiye, wannan ba haƙuri ba ne. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma likita ake gani. In har ya fara maganar gara ya mutu, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Wani zai ce, to in da ka ƙara wata ɗaya aikin ya fito fa? Zai iya yiwuwa, akwai waɗanda suka jira suka samu, na san biyu. Har yau in an buɗe shafin ɗaukar aiki ina cikewa, minti ashirin ne. Abin da na daina shi ne ajiye sauran rayuwata a bakin ƙofarsa.

Maƙwabcin nan mai sola, na koma na same shi da kunya a fuskata. Ya kalle ni ya ce, "Ƙanena, an kira ka ɗin?" Na ce a'a, Yaya. Ya miƙo min igiyar waya ya ce in riƙe tsani. 'Yan kunnen Umma kuwa, na mayar da ɗaya bara, saura ɗaya.

Ku faɗa min a ƙasa, me kuke jira yanzu haka, kuma tun yaushe? Sai mun haɗu a shiri na gaba.