Daga 'Yankuzo zuwa ajin share fage a Japan

A 'Yankuzo ta ƙaramar hukumar Tsafe a Zamfara, a jikin ƙarfe aka san Japan: Honda, Yamaha, Toyota. Harshen masu ƙera su kuwa ba ya cikin darussan WAEC ko NECO. Wanda ya gama sakandare yake son koyonsa sai ya bi ta tallafin gwamnatin Japan da ake kira MEXT. A ofishin jakadancinsu na Abuja ake zana jarrabawar neman tallafin, wato sai ɗan 'Yankuzo ya fito Tsafe, ya bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna. In ya dace, a watan Afrilu zai tashi, ya yi shekara guda cur a cibiyar share fage, a Tokyo ko Osaka, kafin ya shiga jami'a.

Aji na farawa tun da safe. Makonnin farko na baƙaƙen hiragana da katakana ne, 46 kowanne, ba su da wuya. Daga nan sai kanji, rubutun da aka aro daga Sin. Jerin da gwamnati ta fitar a 2010 na amfanin yau da kullum ya kai 2,136. Yaron Japan yana shafe shekara shida a firamare kafin ya haɗa 1,026, baƙo kuwa a watanni ake so ya cim masa. Kowane harafi da tsarin zana shi: wane layi ke fara sauka, wanne ke rufewa. Malama na bi tebur-tebur da jan biro, ta kewaye ƙugiyar da ta karkace. A kwana ana bita, a wayi gari da gwaji. Wanda ya taɓa wanke allo ya sake rubutawa ba zai ga baƙon abu ba a nan.

Inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe shi ne keigo, maganar girmamawa. Kala uku ake fara koya musu: ta ladabi ga kowa, ta ɗaukaka wanda ake magana da shi, da ta ƙanƙantar da kai. Fi'ili ɗaya kan sauya kama gaba ɗaya, ya danganta da malami ake yi wa magana ko aboki. A ganina, a nan Bazamfare ya fi ɗan London sa'a. Ya taso bai kiran sunan mahaifinsa, yana tuɓe takalmi a ƙofar zaure, yana durƙusawa ya ce "ranka shi daɗe." Ba dalilin abin zai tsaya tambaya ba, kalmomin kawai zai haddace. Kunnensa ma a shirye yake, don Japananci na bambanta dogon wasali da gajere, yana kuma ninka baƙi, yadda Hausa ke yi.

Wahalar tana wajen aji. Ana ba ɗalibi yen 117,000 a wata, amma Musulmi sai ya tsaya a kanti yana juya leda, yana neman harafin alade ko na giya, domin romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, mirin da ake zubawa a miya kuma da barasa a ciki. Juma'a ranar karatu ce. Shara ma sai an ware ta, mai ƙonewa daban, kwalba daban, kowacce da ranar fitarwa. Ga sanyin Janairu da ya ninka na hunturunmu.

Sakamakon ƙarshen shekara ke yanke jami'ar da za a tura mutum, kuma ba harshe kaɗai ake aunawa ba, har da lissafi ko kimiyya ko tarihi, gwargwadon fannin ɗalibi. Tun a Abuja ma lissafin ke tankaɗe mutane. Yaron da aka rufe makarantarsa a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe makarantun Zamfara aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga, da wannan giɓin zai zauna a ɗakin jarrabawa tare da 'yan Legas da Abuja.